Yadda Kwamfuta Ta Koyi Yin Shiru da Tsayawa

Duk wayar Android da ake sayarwa a kasuwar Illela, ko a ƙetaren iyaka a Birnin Konni, tana ɗauke da wani rami da ba ya cika. Sunansa /dev/null, kuma abin da aka tura cikinsa ya tafi ke nan. Mai gyaran waya da ke jona ta da kwamfuta yana buga umarni zai iya cin karo da shi, domin a kan Linux aka gina Android, shi kuwa Linux tsarin Unix ya bi.

A 1969 Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara Unix a ɗakin binciken Bell da ke Amurka. A lokacin kan takarda kwamfuta ke ba da amsa, ta wata na'ura mai kama da tafireta da ke buga harafi goma a daƙiƙa. Surutu yana cin lokaci da takarda, shi ya sa suka saba wa umarninsu da ƙarancin magana. A 1971 manhajar karɓar umarni ta Thompson ta riga ta san alamar >, wadda ke karkatar da amsa zuwa fayil, kuma zuwa 1974 ramin nan ya shiga littafin jagorar Unix.

Sai dai akwai gyara. A lokacin amsa da saƙon kuskure ta ƙofa ɗaya suke fita. Masu aiki da injin ɗab'i na wurin sukan jira a wanke takarda mai tsada, su tarar abin da ya fito da kyakkyawan rubutu shi ne saƙon cewa an kasa buɗe fayil. Ritchie ya raba ƙofar biyu: lamba 1 ta amsa, lamba 2 ta kuskure. A ganina babu gyaran da ya fi wannan amfani a duk labarin.

A 1979 Stephen Bourne ya fito da tasa manhajar karɓar umarni, inda ake iya rubuta >/dev/null 2>&1 a toshe ƙofofin biyu gaba ɗaya. To in an toshe, ta yaya za a san aiki ya yi? Kowane umarni in ya gama yana barin lamba: sifiri na nufin lafiya lau, saura matsala. Lambar nan umarnin set -e ke dubawa ya tsayar da jerin umarni, ita kuma || exit 1 ke jira. Manhajar Bash, da Brian Fox ya fitar a 1989, ta gaji duk wannan, a 2004 ta ƙara pipefail saboda kuskuren da ke ɓuya a tsakiyar umarnin da aka sarƙa.

Rashin tsayawa yana da tsada. A Janairun 2015 an gano cewa jerin umarnin manhajar wasanni ta Steam na Linux, in ya kasa gano mazauninsa, ci gaba yake yi ya shiga goge duk fayilolin da mai kwamfutar ke da iko a kansu.

Matasanmu na Illela da ke koyon wannan sana'a, don Allah ku daina kwafo 2>&1 ido rufe. Ku tura surutun rami, ku bar ƙofa ta 2 a buɗe, kuma bayan kowane cd, wato umarnin sauya mazauni, ku sa abin da zai tsayar da aikin.