Tarihin Motsa Jiki a Matsayin Maganin Damuwa da Fargaba

Ciwon damuwa, wato baƙin cikin da ke zaune wa mutum makonni ko watanni har ya hana shi barci da cin abinci da sha'awar abin da ya saba so, tsohon ciwo ne, haka ma fargaba, wadda ita ce tsoron da ya wuce kima alhali babu wani haɗari a gaban mutum. Likitocin Girka na dauri sun danganta irin wannan baƙin ciki ga rinjayen sauda, ɗaya daga cikin ruwaye huɗu da suka ɗauka su ke riƙe da lafiyar jiki, kuma likitocin Musulmi suka gaji wannan fahimta suka faɗaɗa ta. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya sanya motsi da hutun jiki cikin abubuwa shida da lafiya ba ta tsayuwa sai da su, tare da iska, da ci da sha, da barci da farkawa, da fitar da abin da jiki ya tara, da halin da zuciya take ciki. A Ingila ma, Robert Burton, a babban littafinsa na 1621 kan baƙin ciki, ya lissafa zaman kashe wando cikin manyan musabbaban ciwon.

Sai dai a aikace, abin da masu taɓin hankali suka fi gani a Turai shi ne mari da ɗakin duhu, har zuwa ƙarshen ƙarni na 18, lokacin da Philippe Pinel a Faris da William Tuke a birnin York suka kawo abin da aka kira jiyya ta tausasawa. Tuke ya buɗe gidan jiyyarsa a 1796, bayan wata mata 'yar ɗariƙarsa ta Kwaka ta mutu a gidan mahaukata na birnin a 1790 ba tare da an bar 'yan ɗariƙar sun gan ta ba. A sabon gidan, majinyata suna aikin lambu, suna fita tattaki, kuma an zuba zomaye da kaji a farfajiya domin wanda ya daina magana da mutane ya sami abin da zai kula da shi. Abin takaici, da gidajen gwamnati suka kwaikwayi tsarin suka cika maƙil da ɗaruruwan mutane, sai aikin ya rikiɗe ya zama noma da wanki ba lada domin rage wa hukuma kashe kuɗi, kuma daga nan ne aka fara mance cewa amfanin motsin yana tattare da mutunci da zumuncin da aka yi shi a ciki.

A Amurka, likita Silas Weir Mitchell ya bi wata hanya dabam a shekarun 1870, inda ya riƙa kwantar da mata masu ciwon jijiyoyi makonni shida zuwa takwas, ana ɗura musu madara, an hana su karatu da rubutu, alhali maza masu irin wannan larura yakan tura su yammacin ƙasar su hau dawaki su yi farauta. Wannan bambanci al'adar zamaninsa ce ta haife shi, ba ilimin likitanci ba. Nijeriya kuwa tana da nata babin, domin a 1954 Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauye a Aro kusa da Abeokuta, inda majinyaci ke sauka a gidan mutanen gari tare da wani ɗan'uwansa, ya je asibiti da rana, ya kuma ci gaba da hidimomin yau da kullum cikin jama'a maimakon a kulle shi.

Zuwan magungunan damuwa a ƙarshen shekarun 1950 ya sa likitoci suka karkata ga ƙwaya, kuma da gaskiyarsu, domin ta ceci rayuka da yawa. An ɗauki lokaci kafin a koma a auna motsa jiki da ma'aunin kimiyya. A 1979 John Greist da abokan aikinsa a Jami'ar Wisconsin suka gwada gudu a kan majinyata ƙalilan, sannan a 1999 James Blumenthal na Jami'ar Duke ya raba mutum 156 gida uku, wasu motsa jiki, wasu magani, wasu duka biyun, kuma bayan makonni 16 ba a ga wani bambanci mai ƙarfi tsakaninsu ba. Amma duk waɗanda Blumenthal ya gwada sun kai shekara 50 ko sun haura, ke nan matasa, waɗanda ciwon ya fi fara kamawa, su ne aka bari a baya.

Abin da ya jawo hankali kansu tsoro ne. A 2004 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta tilasta a rubuta gargaɗi a jikin magungunan damuwa cewa suna iya ƙara wa yara da matasa tunanin kashe kai, lamarin da ya sa iyaye da likitoci neman wata mafita. A 2005 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jiyya a Ingila, ta ba da shawarar a nuna wa matashi mai damuwa amfanin motsa jiki na minti 45 zuwa awa ɗaya, har sau uku a mako, tsawon makonni 10 zuwa 12. Nazarin ƙungiyar Cochrane na 2006, wanda ya tattara gwaje-gwaje 16 a kan yara da matasa 1,191, ya sami amfani kaɗan, ya kuma nuna cewa yawancin gwaje-gwajen ba su da inganci sosai.

Dalilan amfanin ba ɓoyayyu ba ne. Damuwa tana sa matashi ya ƙule a ɗaki, ƙulewar kuma tana ƙara masa damuwa, to fita atisaye da tsara tana yanke wannan kewaye, ta gyara barci, ta ba shi wani abu da zai ce ya iya. Mai fargaba kuwa, wanda bugun zuciya da haki ke firgita shi har ya zaci mutuwa ce, yakan gane a filin gudu cewa zuciya tana bugawa ta lafa ba tare da komai ya same shi ba. Duk da haka, zalunci ne a ce wa yaron da ko tashi daga shimfiɗa ya gagare shi ya daina lalaci ya je ya buga ƙwallo, kuma wanda ya kai ga tunanin halaka kansa likita yake buƙata tun kafin komai.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana son yara 'yan shekara 5 zuwa 17 su sami aƙalla awa ɗaya ta motsa jiki a kullum, amma binciken da masananta suka fitar a 2019 ya nuna kashi 81 cikin ɗari na 'yan shekara 11 zuwa 17 ba sa samun hakan, kuma giɓin ya fi yawa ga 'yan mata, waɗanda su ne ciwon damuwa ya fi kamawa bayan balaga.