Gidan “Fada”: Unguwar da Aka Gina a Tsaye

’Yan uwa mazauna birane, da yawa daga cikinmu mun baro gidajen iyayenmu masu zaure da tsakar gida, mun tare a benaye inda mutum kan shekara bai san sunan maƙwabcinsa ba. Ba a kanmu aka fara wannan damuwa ba, domin a birnin Marseille na ƙasar Faransa akwai ginin da aka yi musamman don magance ta.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya raba dubban iyalai da muhallinsu, gwamnatin Faransa ta ɗora wa masanin zanen gine-gine Le Corbusier alhakin gina wa jama’a mazauni. An soma aikin a 1947, aka buɗe shi a 1952. Gini ne guda mai gidaje 337, wanda aka tsara wa mutum wajen 1,600, yana tsaye bisa manyan ginshiƙai, har ana ratsawa ta ƙarƙashinsa. Saboda tsadar ƙarfe a lokacin, da kankare aka yi shi, ba a kuma shafe shi ba, shi ya sa har yau ake ganin shatin katakon da aka zuba simintin a ciki.

Nufin mai zanen shi ne ginin ya zama unguwa sukutum. Hanyoyin da ke tsakanin gidajen ya kira su tituna, ya sa shaguna da masaukin baƙi a tsakiyar benen, a kan rufin kuwa ya yi makarantar yara da wurin wasan ruwa da hanyar gudu. Hatta tsayin ɗakunan, mita 2.26, ya auna shi ne da tsayin mutumin da ya ɗaga hannu sama.

Mutanen garin sun laƙaba wa ginin “Maison du Fada”. Bahaushe zai zaci gidan sarki ake nufi, alhali a bakinsu “fada” mai taɓin hankali ne. Sai ga shi a 2016 hukumar UNESCO ta sanya gidan mahaukacin cikin kayan tarihi na duniya.

Abin lura a gare mu shi ne, abin da Bature ya nema da tarin siminti, wato dandali da kasuwa da wurin haɗuwar yara, mu a garinmu gadonsa muka yi. Amma gini ba ya gaisar da maƙwabci, zumunci a ƙafa yake. Duk benen da Allah ya ajiye mu, mu ne za mu mayar da shi unguwa. Allah ya bar zumunci.