Daga rajistar asibiti zuwa uwar garke

Kafin zuwan kwamfuta, lissafin lafiyar mutanen Batsari da Safana a takarda yake kwana. Ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi yana da manyan rajistoci: na awon ciki, na rigakafi, na masu zazzaɓin cizon sauro. Wata ya ƙare, sai ya ƙirga da biro, ya cike fom, a ɗora a babur zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma, daga nan Katsina, daga nan Abuja. Kafin adadin yaran da ƙyanda ta kama ya isa teburin mai yanke shawara, cutar ta gama ɓarnarta.

Manhajar da ta sauya wannan tsari daga nesa ta taso. A shekarun 1990, bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata, masana a Afirka ta Kudu da Jami'ar Oslo ta Norway suka ƙirƙiro DHIS. Kyauta ake ba da ita, amma da sauran rina a kaba: a kan Microsoft Access aka gina ta, shi kuwa sai an sayi lasisinsa. Shi ya sa aka sake rubuta ta tun daga tushe, DHIS2 ta fara aiki a jihar Kerala ta Indiya a 2006, da kayan gini na kowa da kowa irin su ma'ajiyar bayanai ta PostgreSQL. Lasisinta na BSD ya yarje wa kowace ƙasa ta ɗauka, ta gyara, ta raba, ba a biyan ko kwabo. Babban sharaɗin shi ne a bar sunan masu haƙƙin a jiki. Ga ma'aikatar da ke fama da kuɗin magani, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Najeriya ta rungume ta a farkon shekarun 2010.

Fom bai mutu ba, tafiyarsa ce ta gajarta. Jami'in tattara bayanai na ƙaramar hukuma yana shigar da alƙaluman ta intanet, su sauka a uwar garke ta ƙasa, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayanan. Wata manhajar ma tana iya aika tambaya can, a dawo mata da amsa nan take, ba tare da ɗan adam ya ɗaga takarda ba.

Duk wannan sai da sabis. A watan Satumban 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Batsari da Safana, don toshe wa 'yan bindigar dajin Rugu hanyar samun labari. Aka shafe watanni a haka. Na'urorin masu POS suka yi shiru, mai son kiran ɗan'uwa ko tura saƙo sai ya hau mota ya nufi inda sabis yake. Babu kamfanin da ya janye wa asibitocin nan izinin amfani da manhaja, amma duk wanda ke da alƙaluman turawa, tilas ya bi waccan hanyar motar.