Landan: Wuraren Tarihi Da Gidajen Adana Kayan Tarihi Da Baƙo Daga Najeriya Zai Ziyarta

Landan, babban birnin Birtaniya, na daga cikin biranen Turai da 'yan Najeriya suka fi zuwa, wasu domin karatu, wasu neman magani, wasu kuma kasuwanci ko ziyarar 'yan'uwa. Birnin yana gaɓar Kogin Thames, kuma Rumawa ne suka kafa shi jim kaɗan bayan mamayar da suka kai wa tsibirin a shekarar 43 miladiyya. Da yake daga can aka riƙa juya akalar mulkin Najeriya har zuwa 1960, wani yanki na tarihin ƙasar yana ajiye a gine-ginen birnin da gidajen tarihinsa. Manyan gidajen tarihi na gwamnati kyauta ake shigarsu, tsarin da ya game su tun watan Disamban 2001, amma fadoji da manyan majami'u sai da tikiti.

Westminster, Cibiyar Mulki

Akasarin baƙi daga unguwar Westminster suke farawa, inda ginin majalisar dokoki yake a bakin kogi. An gina shi ne bayan gobarar 1834 da ta cinye mafi yawan tsohuwar fadar da ke wurin. A nan ne aka zartar da dokar bai wa Najeriya 'yancin kai a watan Yulin 1960. Idan majalisa na zama, ana barin jama'a su hau bene su saurari muhawara kyauta, bayan binciken jami'an tsaro.

A jikin ginin akwai hasumiyar agogo mai tsayin mita 96. Sunan Big Ben da aka san ta da shi asalinsa na babbar ƙararrawar ciki ne, mai nauyin sama da tan 13, wadda ta fara bugawa a 1859. A 2012 aka sa wa hasumiyar sunan Sarauniya Elizabeth ta Biyu.

Daura da majalisar akwai majami'ar Westminster Abbey, inda ake naɗa sarakunan Ingila tun 1066. A nan aka naɗa Sarauniya Elizabeth a 1953, a nan aka yi jana'izarta a watan Satumban 2022, sannan aka naɗa ɗanta Sarki Charles na Uku ranar 6 ga Mayun 2023. Ranar Lahadi ta ibada ce, don haka ba a buɗe ta ga masu yawon buɗe ido.

Fadar Buckingham Da Kewayenta

Daga Westminster, tafiyar ƙafa ce ta cikin lambun St James's zuwa Fadar Buckingham, mai ɗakuna 775, wadda ta zama mazaunin sarauta tun hawan Sarauniya Victoria a 1837. Ana buɗe zaurukan baƙi na fadar ga masu tikiti a lokacin zafi. Bikin sauya dogarai kuwa kyauta ake kallonsa daga bakin ƙofa, da misalin ƙarfe 11 na safe, sai dai ba kullum ake yi ba, kuma wanda bai yi sammako ba ƙeyar mutane kawai zai gani.

Kusa da fadar akwai gidan Lancaster House, inda aka yi tarukan tsara tsarin mulkin Najeriya a 1957 da 1958. Sardaunan Sakkwato Sa Ahmadu Bello, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Obafemi Awolowo da Nnamdi Azikiwe duk sun halarta, kuma a taron 1958 aka tsayar da 1 ga Oktoban 1960 a matsayin ranar samun 'yanci. Gwamnati na amfani da gidan wajen taruka, saboda haka daga waje ake ganinsa.

A ƙarshen titin Constitution Hill, wanda ya bi ta gefen fadar, akwai ginshiƙan tunawa da aka ƙaddamar a 2002 domin karrama mutanen Afirka da yankin Indiya da Karibiyan da suka yi wa Birtaniya yaƙi a yaƙe-yaƙen duniya biyu. Cikinsu har da dubban sojojin Najeriya da suka fafata a Burma.

Dandalin Trafalgar Da Bush House

An sa wa Dandalin Trafalgar sunan yaƙin teku na 1805 da Birtaniya ta ci Faransa da Sifaniya, kuma mutum-mutumin kwamandan yaƙin, Horatio Nelson, yana bisa dogon ginshiƙi a tsakiyarsa. A arewacin dandalin akwai gidan zane-zane na National Gallery, wanda aka kafa a 1824, mai ɗauke da zane sama da 2,300. Ofishin Jakadancin Najeriya yana kan titin Northumberland Avenue da ya taso daga dandalin, abin da ya kamata duk matafiyi ya sani ko da fasfo zai ɓace.

Idan aka bi titin Strand zuwa gabas za a isa Bush House, ginin da masu sauraren rediyo a ƙasar Hausa suka daɗe suna jin sunansa. Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara watsa shirye-shirye ranar 13 ga Maris ɗin 1957, ya yi shekaru a cikinsa kafin tashar ta kwashe a 2012. Yanzu jami'ar King's College ce ke amfani da ginin.

Gidan Tarihin Birtaniya

British Museum, da ke unguwar Bloomsbury, an kafa shi a 1753 da kayan da wani likita, Hans Sloane, ya tara, aka buɗe shi a 1759. Yana riƙe da kaya kimanin miliyan takwas, kaɗan daga ciki ne ake nunawa. Ana buɗewa kullum daga ƙarfe 10 na safe zuwa 5 na yamma, ranar Juma'a kuma har dare. Wuni guda ba ya isar mutum ya zaga shi, don haka gara a zaɓi sassa uku ko huɗu tun daga gida.

Abin da ya fi tara jama'a shi ne Dutsen Rosetta, wanda sojojin Faransa suka tsinta a Masar a 1799, Ingilishi suka karɓe, aka kawo shi gidan a 1802. Saƙo ɗaya ne a jikinsa cikin rubutu iri uku, kuma da shi Bafaranshe Champollion ya warware rubutun Masar ta dā a 1822. Akwai kuma naɗaɗɗun gawarwakin Misirawan dā, da sassaƙen dutse na ginin Parthenon da Girka ke neman a mayar mata. Zauren duniyar Musulunci da aka buɗe a 2018 na nuna kaya tun daga Afirka ta Yamma har Kudu maso Gabashin Asiya.

Kayan Afirka suna ɗaki na 25 a ƙasan gini. A nan ake ganin allunan tagulla na Masarautar Benin jere a kan ginshiƙai, da kan tagulla na wani sarkin Ife da aka tono a ƙarshen shekarun 1930, tare da tufafi da tukwane da makamai daga sassan nahiyar.

Taƙaddamar Kayan Benin

A watan Fabrairun 1897 sojojin Birtaniya suka ci birnin Benin da yaƙi, a matsayin ramuwar kashe wata tawagarsu wata guda kafin nan. Suka ƙona fadar, suka kwashe dubban kayan tagulla da na hauren giwa, daga baya kuma suka kora Oba Ovonramwen zuwa Kalaba, inda ya rasu a 1914. An sayar da kayan suka watsu a Turai da Amurka, kuma British Museum kaɗai na riƙe da sama da 900.

Najeriya ta daɗe tana neman a dawo da su, kuma a 'yan shekarun nan an fara ganin haske. A watan Oktoban 2021 Kwalejin Jesus ta Jami'ar Cambridge ta miƙa zakaran tagulla, Jami'ar Aberdeen kuma ta miƙa kan wani Oba. A watan Yulin 2022 Jamus ta sa hannu kan mayar wa Najeriya mallakar kaya sama da 1,000. A cikin Landan ma, gidan tarihi na Horniman ya miƙa mallakar kaya 72 ga Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Najeriya a wannan shekarar. Netherlands ta bi sahu a 2025 da kaya 119.

British Museum dai na kafa hujja da wata doka ta 1963 da ta hana shi rabuwa da kayan da ke hannunsa, don haka aro kawai yake iya bayarwa. Haka aka yi da Gana a 2024, lokacin da shi da gidan tarihi na Victoria and Albert suka ara wa fadar Asantehene da ke Kumasi kayan zinariya da azurfa guda 32 na tsawon shekara uku. Masu suka na cewa ba a ara wa mai kaya kayansa. Hujjar cewa kayan sun fi samun tsaro a Landan ma ta yi rauni a 2023, da gidan ya sanar cewa kaya kusan 2,000 sun ɓace ko an sace su ko sun lalace, lamarin da ya sa daraktansa Hartwig Fischer ya yi murabus.

Gidajen Tarihin South Kensington

Gidaje uku ne a jere a wannan unguwa, duk kyauta. Victoria and Albert, wanda aka kafa a 1852, na kayan fasaha da sana'o'in hannu ne, kuma a zaurensa na fasahar Musulunci aka shimfiɗa Dardumar Ardabil, wadda aka saƙa a Iran wajajen 1540. Gidan tarihin halittu yana da ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe, da ƙwarangwal ɗin kifin whale mai tsawon mita 25 rataye a babban zaure. Na uku shi ne gidan tarihin kimiyya, mai tsofaffin injuna da jiragen sama da kayan binciken sararin samaniya. Waɗannan biyun su suka fi dacewa da masu tafe da yara.

Ma'abota littattafai kuwa sai su nufi Laburaren Birtaniya kusa da tashar St Pancras, wanda ke riƙe da biyu daga cikin kwafi huɗu da suka rage na takardar Magna Carta ta 1215, da Alƙur'anin Sarki Baybars mai juzu'i bakwai da aka rubuta da ruwan zinariya a Alƙahira a farkon ƙarni na 14.

Hasumiyar Landan Da Greenwich

A gabashin tsohon birni akwai Tower of London, sansanin da Sarki William ya fara ginawa wajajen 1078. Ta taɓa zama fada da kurkuku da gidan buga kuɗi, yanzu kuma a nan ake ajiye kambunan sarauta. A kan sandar sarauta akwai lu'ulu'u mai karat 530 da aka yanko daga dutsen Cullinan na Afirka ta Kudu, wanda aka haƙo a 1905. Akwai kuma lu'ulu'un Koh-i-Noor da Indiya ke da'awa a kansa. Ana kiwon hankaki aƙalla shida a harabar, bisa camfin cewa ranar da suka tashi sarauta za ta faɗi. Gefenta ne gadar Tower Bridge ta 1894, wadda tsakiyarta ke ɗagawa jiragen ruwa su wuce.

Daga nan ana iya shiga jirgin ruwa zuwa Greenwich, inda ɗakin nazarin taurari na 1675 yake. Ta harabarsa layin da ya raba duniya gabas da yamma ya ratsa, wanda ƙasashe suka amince da shi a 1884. Layin ya gangaro ta Aljeriya da Mali da Burkina Faso da Togo, ya faɗa teku a Tema ta ƙasar Gana. Da shi ake auna agogon GMT, wanda na Najeriya ya ɗara da awa ɗaya. A tsallaken kogi, gidan tarihi na Docklands na da sashe kan rawar da Landan ta taka a cinikin bayi da sukari.

Masallatai Da Abinci

Babban Masallacin Landan, mai ƙubba ruwan zinariya, yana gefen lambun Regent's Park, an kammala shi a 1977. Masallacin Gabashin Landan kuma yana Whitechapel, ba nisa da Hasumiyar Landan. Abincin halal ba ya wuya a Whitechapel da titin Edgware Road, na Najeriya kuma ya fi yawa a Peckham. Lokutan salla na sauyawa ƙwarai, domin a watan Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma, a watan Yuni kuwa sai bayan 9 na dare.

Shirin Tafiya

Mai fasfon Najeriya na buƙatar biza, kuma ta baƙi yawanci tana ba da damar zama har wata shida. Bizar Schengen ta sauran ƙasashen Turai ba ta aiki a Birtaniya. Jirgi daga Abuja ko Legas na ɗaukar awa shida zuwa bakwai. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogon Landan daidai yake da na Najeriya, a sauran watanni kuwa yana baya da awa ɗaya.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda ya fara aiki a 1863, shi ne hanya mafi sauri a cikin gari. Ana biya da katin Oyster ko katin banki, kuma motocin bas ba sa karɓar tsabar kuɗi. Yankan tikitin Hasumiyar Landan da Westminster Abbey ta intanet kafin ranar na rage zaman layi. Akasarin gidajen tarihi na rufewa daga 24 zuwa 26 ga Disamba. Kwana huɗu na isar baƙo ya zaga manyan wuraren idan ya raba su unguwa-unguwa: Westminster da Trafalgar a rana ɗaya, Bloomsbury a ta biyu, South Kensington a ta uku, Hasumiyar Landan da Greenwich a ta ƙarshe. Laima da rigar sanyi da takalmi mara matsi na da amfani a kowane wata na shekara.