FASHIN BAƘI: Nawa ake biyan sanata da ɗan majalisa, kuma me ya shafi magidanci a Gandi?

Babu batun da ke tayar da muhawara a majalisar matasa da teburin mai shayi kamar batun kuɗin da 'yan siyasa ke ɗauka. Wani ya ce sanata na kwasar miliyan talatin a wata, wani ya ce miliyan ɗaya ce kacal, a tashi ba a daddale ba. Abin da ke kawo saɓanin shi ne kuɗin ba ta ƙofa ɗaya suke shigowa ba. Akwai albashin da doka ta yanka, akwai kuɗin gudanar da ofis, akwai na ayyukan mazaɓu, akwai kuma fanshon tsofaffin gwamnoni. Wannan bayani zai warware su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya auna su da rayuwar mazauna Sakkwato ta Gabas, wato ƙananan hukumomin Rabah, Wurno, Goronyo, Gada, Gwadabawa, Illela, Isa da Sabon Birni, waɗanda sanata ɗaya ke wakilta a Abuja.

Wa ke da ikon yanka albashin?

Kundin Tsarin Mulki na 1999 bai ba 'yan majalisa damar yanka wa kansu albashi ba. Sashe na 70 ya ce Hukumar Tattarawa da Rabon Arzikin Ƙasa, wato RMAFC, ita ce za ta ƙayyade albashi da alawus na sanatoci da 'yan Majalisar Wakilai. Sashe na 111 ya ba hukumar irin wannan iko a kan 'yan majalisun dokokin jihohi. Tsarin da ake aiki da shi ya samo asali ne daga bitar da aka yi a 2007 da dokar da ta biyo baya a 2008.

A wannan tsari, tushen albashin shugaban ƙasa a shekara naira 3,514,705 ne, na gwamna naira 2,223,705. Sanata yana da naira 2,026,400, ɗan Majalisar Wakilai naira 1,985,212, ɗan majalisar jiha kuma naira 1,337,225. Duk wanda ya ga waɗannan alƙaluma zai yi mamaki, domin ba su kai abin da manajan banki ke ɗauka ba. Sai dai tushen albashi ma'auni ne kawai. A kansa ake lissafa kowane alawus, kashi kaza cikin ɗari.

A watan Agustan 2024 shugaban hukumar, Mohammed Bello Shehu, ya fitar da lissafin abin da sanata ke samu a wata. Tushen albashi naira 168,866. Man mota da gyaranta naira 126,650, masu aikin gida ma haka. Karɓar baƙi naira 50,660, wuta da ruwa ma haka. Mataimaki na musamman naira 42,216, sutura ma haka. Jaridu naira 25,330, gyaran gida naira 8,443, sai alawus ɗin mazaɓa naira 422,166. Jimilla naira 1,063,860. Bayan waɗannan akwai na sau ɗaya a wa'adin shekara huɗu: kayan ɗaki naira 6,079,200, kuɗin sallama naira 6,079,200, da rancen mota na naira 8,105,600 ga mai so.

Ƙofa ta biyu: kuɗin gudanar da ofis

Da a nan maganar ta tsaya, da babu abin cece-kuce. Amma a watan Maris na 2018 Sanata Shehu Sani, wanda ke wakiltar Kaduna ta Tsakiya a lokacin, ya bayyana cewa kowane sanata na karɓar naira miliyan 13.5 duk wata a matsayin kuɗin gudanar da ofis, ban da albashi. Shekara shida bayan haka, a Agustan 2024, Sanata Kawu Sumaila na Kano ta Kudu ya shaida wa Sashen Hausa na BBC cewa kuɗin sun kai naira miliyan 21 a wata.

Waɗannan kuɗi ba sa cikin jadawalin RMAFC. Daga kasafin Majalisar Tarayya ake fitar da su, kuma majalisar ce ke amincewa da kasafin da kanta. Hujjar 'yan majalisa ita ce kuɗin na aiki ne, ba na aljihu ba: tafiye-tafiye zuwa mazaɓa, hayar ofis, tarurruka, kayan aiki, kuma ana gabatar da rasit. Masu suka na cewa jama'a ba sa ganin rasit ɗin, don haka babu hanyar bambance kuɗin ofis da kuɗin gida. A Yunin 2021 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta yanke hukuncin cewa RMAFC ce kaɗai ke da hurumin ƙayyade abin da 'yan majalisa za su karɓa.

Kasafin majalisar kansa ya yi ta hauhawa. Daga 2011 zuwa 2014 naira biliyan 150 ne a shekara. A 2024 ya kai kusan biliyan 345, domin mutum 469 da ma'aikatansu da hukumomin da ke ƙarƙashinsu. Tun 2010 Sanusi Lamido Sanusi, yana Gwamnan Babban Banki, ya ce majalisar na cin kashi 25 cikin ɗari na kuɗin gudanarwar gwamnatin tarayya, maganar da ta sa sanatoci suka kira shi domin ya yi bayani, shi kuma ya tsaya kan bakansa.

Ƙofa ta uku: ayyukan mazaɓu

An daɗe ana ware naira biliyan 100 a kasafin kowace shekara domin ayyukan mazaɓu. A ƙa'ida ba a miƙa wa ɗan majalisa kuɗin a hannu. Yana zaɓar aikin da wurin da za a yi shi ne, sai wata ma'aikata ko hukuma ta bayar da kwangila. A aikace kuwa sau da yawa yana da ta cewa a kan wanda za a ba kwangilar, kuma kaso mai tsoka na tafiya ne a rabon babura, kekunan ɗinki da injinan ban-ruwa, abubuwan da ke da wuyar bin diddigi bayan an watse daga taron rabo. A Nuwamban 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya ce an kashe kusan naira tiriliyan ɗaya a irin waɗannan ayyuka cikin shekara goma ba tare da talaka ya gani a ƙasa ba. A shekarar ce hukumar ICPC ta fara bibiyar ayyukan jiha-jiha.

Ƙofa ta huɗu: bayan an sauka

Jihohi da dama sun yi dokar fansho ga tsofaffin gwamnoni da mataimakansu, wadda kan haɗa da gidaje, motoci, masu hidima da kuɗin magani. A maƙwabciyar Sakkwato, wato Zamfara, majalisar dokoki ta soke irin wannan doka a Nuwamban 2019, bayan da wasiƙar tsohon Gwamna Abdulaziz Yari ta neman a biya shi naira miliyan 10 ta wata-wata ta fito fili. Wannan darasi ne mai amfani: dokar jiha ce ta kafa fanshon, majalisar jiha ce kuma ke iya rushe shi. Ɗan majalisar jiha mai wakiltar Rabah ko Wurno ko Goronyo yana da ƙuri'a a kan wannan batu.

Idan aka auna da tukunyar gida

Mafi ƙarancin albashi da aka sanya wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Albashin sanata na hukuma ya ninka shi sau goma sha biyar. Idan kuma aka ɗauki miliyan 21 ta gudanar da ofis, sai ƙaramin ma'aikaci ya yi wata 300, wato shekara 25, bai taɓa ko kwabo ba, kafin ya tara abin da ofishin sanata ɗaya ke karɓa a wata guda.

Mafi yawan mutanen Gandi ma ba su da albashin da za a auna. Manoma ne, makiyaya, 'yan tireda da 'yan kabu-kabu. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na Nuwamban 2022 ya nuna mutum miliyan 133 na fama da talauci ta fuskar abinci, lafiya, ilimi da muhalli, kuma Sakkwato ce kan gaba da kusan kashi 91 cikin ɗari. Yankin da ke da madatsar ruwa ta Goronyo a kan gulbin Rima, da fadamun shinkafa da albasa na Wurno, bai kamata a ce yana cikin wannan hali ba. Sai ga matsalar tsaro ta ƙara dagula lamura. A Yulin 2018 'yan bindiga suka auka wa Tabanni da ƙauyukan da ke kewaye, mutane suka gudo Gandi suna neman mafaka. A Oktoban 2021 aka kai hari kasuwar Goronyo, aka kashe gommai. Manomin da ya bar gonarsa ta nesa saboda tsoro, dole ya sayi hatsin da a da yake nomawa, a farashin da ya tashi tun cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023.

Shi ya sa wasu labarai ke yi wa jama'a ciwo fiye da girman kuɗin. A Agustan 2023 Shugaban Majalisar Dattawa Godswill Akpabio ya sanar a zauren majalisa cewa an tura wa sanatoci ɗan abin da za su ji daɗin hutu, sannan ya janye ya ce addu'a ce aka tura. A ƙarshen shekarar aka saya wa 'yan majalisa manyan motoci da rahotanni suka ce kowace ta kai naira miliyan 160. A Yulin 2024 'yan Majalisar Wakilai suka yi alƙawarin sadaukar da rabin albashinsu na wata shida saboda tsadar rayuwa. Rabin albashi suka ce, ba rabin kuɗin ofis ba, kuma mai karatu ya riga ya ga wanne ne babba.

Ɗaya gefen: ƙofar gidan ɗan siyasa

Adalci ne a faɗi abin da 'yan majalisa ke kawowa a matsayin uzuri. Duk wanda ya ga ƙofar gidan zaɓaɓɓe a Sakkwato ranar Juma'a ko jajiberin Sallah ya san ana kashe kuɗi. Wannan matarsa ta haihu yana neman ragon suna, wancan zai aurar da 'ya, wani na riƙe da takardar asibiti, wani na neman kuɗin jarrabawar ɗansa, matasan unguwa na son kofin gasar ƙwallo. A yankunan da ake satar mutane, har kuɗin fansa ana kai wa ɗan siyasa kuka a kai. Wanda ya hana, marowaci ne, kuma za a tuna masa ranar zaɓe.

Shiga takarar ma da tsada. A 2022 jam'iyyar APC ta sayar da fom ɗin sanata naira miliyan 20, na Majalisar Wakilai miliyan 10. Dokar Zaɓe ta 2022 ta halatta wa ɗan takarar sanata kashe har miliyan 100. Albashin hukuma na shekara huɗu gaba ɗaya bai wuce kusan miliyan 51 ba. Ke nan wanda ya kashe iyakar abin da doka ta yarda ba zai mayar da kuɗinsa daga albashi ba, sai ya nemi wata hanya.

A nan ne lamarin ke cin gindinsa. Kuɗin jama'a ne ke shiga hannun mutum ɗaya, ya fito da kaɗan daga ciki da sunan kyauta, a yi masa godiya da kirari. Asibitin da ke da magani yana yi wa dubban mutane aiki ba tare da sun durƙusa wa kowa ba. Ambulan a ƙofar gida kuwa sai wanda ya san hanya, ko ya san wanda ya san hanya. Matar da ke naƙuda a ƙauyen da ke bayan Gandi ba ta cikin waɗannan.

Abin da mai zaɓe ke iya yi

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar gwamnatin tarayya takarda yana neman bayani, kuma ta wajabta amsa cikin kwana bakwai. Kasafin tarayya na kowace shekara yana shafin Ofishin Kasafi, ƙungiyar BudgIT kuma, ta shirinta na Tracka, tana fitar da jerin ayyukan mazaɓu. Matashi mai waya a Achida ko Rabah na iya duba abin da aka rubuta wa mazaɓar Wurno da Rabah, ko ta Goronyo da Gada, ya je wurin ya gani da idonsa, ya ɗauki hoto, ya kai wa ICPC ƙorafi idan babu aikin. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi, irin wannan tambaya ta hau kan ciyaman da kansila su ma. Sashe na 69 na Tsarin Mulki ya tanadi kiranye, amma sai fiye da rabin masu rajistar zaɓe na mazaɓar sun sa hannu, abin da ya sa yunƙurin da aka yi wa Sanata Dino Melaye a 2018 bai kai ko'ina ba.

A Agustan 2025 RMAFC ta sanar da fara bitar albashin masu riƙe da muƙaman siyasa, tana mai cewa tsarin 2008 ya tsufa. Akwai gaskiya a cikin haka, domin darajar naira ta zube ƙwarai tun lokacin. Amma ƙarin albashin fili ba tare da bayyana kuɗin ɓoye ba, ƙari ne a kan ƙari. Sharaɗin da ya dace matasa su gindaya wa duk mai neman ƙuri'arsu shi ne ya yarda zai riƙa wallafa abin da ofishinsa ya karɓa da yadda ya kashe shi, wata bayan wata, cikin harshen da mutanen mazaɓarsa ke karantawa.