Yadda Amurka Ta Daina Tambayar Makaho Jiharsa

Jama'a, a wannan fitowa za mu leƙa Amurka, mu ga tarihin kuɗin da gwamnatinsu ke ba tsofaffi da makafi da naƙasassu marasa hali duk wata. Labarin yana da abin da zai ja hankalin duk wanda ke zaune nesa da garin iyayensa.

Abin ya faro ne lokacin babban karayar arzikin da ta biyo bayan 1929. Ranar 14 ga Agusta, 1935, Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a dokar kula da jin daɗin jama'a, wadda ta tanadi taimako ga tsofaffi matalauta da makafi. A 1950 aka ƙara da masu naƙasa mai tsanani. To amma fa gwamnatin tarayya kuɗi kawai take ƙarawa, jihohi ne ke yanke wanda zai samu da nawa zai samu. Sai ka ga makaho a jiha mai arziki yana karɓar abin kirki, ɗan'uwansa a wata jihar kuwa ko cefane ba ya isarsa.

Babbar matsalar ita ce ta baƙo. Dokar ta yarje wa jiha ta ce sai mutum ya zauna cikinta shekara 5 daga cikin shekara 9 da suka wuce kafin a saurare shi. Wato tsohon da ya bi ɗansa zuwa wata jiha yana iya tashi a tutar babu, can an cire sunansa, nan ba a sa ba. Sai a 1969 Kotun Ƙoli ta ce hana sabon zuwa taimako don bai cika shekara guda ba ya saɓa wa tsarin mulki.

Ranar 30 ga Oktoba, 1972, Shugaba Richard Nixon ya sa hannu a dokar da ta haɗe shirye-shiryen nan uku wuri guda a hannun tarayya, aka kira shi SSI. An fara biya a Janairun 1974, dala 140 ga mutum ɗaya a wata, dala 210 ga mata da miji. Sharuɗɗan su ne mutum ya kai shekara 65, ko ya kasance makaho ko naƙasasshe, kuma abin hannunsa kaɗan ne. Ba a tambayar ko ya taɓa aikin albashi, domin kuɗin daga baitulmali yake fitowa. Jihar da ta so tana iya ɗorawa a kai, amma ba ta isa ta rage ba. A 2024 adadin ya kai dala 943 a wata, masu karɓa kuwa sun haura miliyan 7.

Kada mai karatu ya ɗauka komai ya tafi daidai. A 1989 aka tsayar cewa wanda ajiyarsa ta wuce dala 2,000 ba zai samu ba, kuma har 2024 ba a ɗaga adadin ba, ga tsadar rayuwa. A 1996, zamanin Bill Clinton, aka yi dokar da ta cire yawancin baƙin da ba su zama 'yan ƙasa ba, har sai da aka mayar da waɗanda ke karɓa tun da farko a 1997 bayan koke-koke. Mutanen tsibirin Puerto Rico kuwa, duk da 'yan ƙasa ne, ba a sa su ba, kuma a 2022 Kotun Ƙoli ta ce majalisa na da ikon yin haka.

Mu mazauna Sabo da Zango mun san zafin a ce "kawo takardar asalin jiharka". Amurkawa sun kwashe kusan shekara 40 kafin su yarda cewa tsufa da makanta ba su san iyakar jiha ba. Don haka duk lokacin da aka zo da maganar tallafin gajiyayyu a nan, tambayar farko da ya kamata shugabanninmu su yi ita ce: da mazauni za a yi, ko sai ɗan asali?