Kuɗin Sallama: Tarihin Neman Ma'ajiyar da Ba Ta Yoyo

A labaranmu muna yawan kawo dattijon da ya bar aiki, ya karɓi garatuti, kafin shekara ta zagayo ya koma cin bashi. Saurin ɗora masa laifin sakaci muke yi, alhali tarihi ya nuna cewa kusan kowace ma'ajiya da aka taɓa yarda da ita a ƙasar nan sai da ta yi yoyo.

Kakanninmu ba su san fansho ba. Ajiyarsu ita ce gona, da shanun da ake ba Bafulatani kiwo, da hatsi a rumbu, mata kuma zinare da adashi. Farin 1973 da cutar bushiya ta 1983 sun nuna cewa garke ma yana iya ƙarewa a shekara guda.

Fanshon gwamnati ya samu gindin zama da dokar Turawan mulki ta 1951, sannan a 1961 aka kafa asusun tanadi na ma'aikatan kamfanoni. Ma'aikaci ya saki jiki cewa aikin gwamnati inuwa ce har tsufa. Sai ga 1975, gwamnatin Janar Murtala ta sallami ma'aikata kusan 10,000 nan take, wasu ba tare da haƙƙoƙinsu ba. Masu ɓoye kuɗi a gida kuwa sun gamu da tasu a 1984, lokacin da aka canja launin naira, aka ba da 'yan kwanaki kawai a kai tsofaffin takardu banki.

Ɓarawon da ya fi kowa ɓarna bai fasa ƙofar kowa ba. A 1980 naira ɗaya ta fi dalar Amurka daraja. Bayan shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986 ta riƙa zubewa, har a 1995 hauhawar farashi ta haura kashi 70 cikin ɗari. Wanda ya ajiye garatutinsa bai taɓa ko kwabo ba, ya wayi gari kuɗin gida ya koma kuɗin babur. Bankin ma bai tsira ba: a watan Janairun 1998 an soke lasisin bankuna 26 a lokaci guda, kuma inshorar hukumar NDIC a wancan zamani ba ta wuce naira 50,000 ga kowane mai ajiya ba.

Daga nan aka koma sayen hannun jari, musamman bayan haɗe bankuna na 2005. A 2008 kasuwar ta faɗi, cikin shekara guda ta zubar da fiye da rabin darajarta. Bayan wasu shekaru MMM ta zo da alkawarin ribar kashi 30 a wata, ta rufe asusun jama'a a Disambar 2016. Kwaɗayi mabuɗin wahala, amma mu tuna cewa da yawa tsoron talaucin tsufa ne ya tura su.

Babban sauyi ya zo da dokar fansho ta 2004, wadda ta kafa hukumar PenCom. Kowane ma'aikaci ya samu asusu da sunansa, wanda ke bin sa ko ya canja wurin aiki. Gyaran 2014 ya sa ma'aikaci na zuba kashi 8 na albashinsa, mai ɗaukar aiki kashi 10. Wanda ya rasa aiki kafin shekara 50, idan ya yi wata huɗu bai samu wani ba, yana iya cire kashi 25. A 2017 Gwamnatin Tarayya ta fara sayar da Sukuk, hanyar da masu gudun kuɗin ruwa suka daɗe suna jira, a 2024 kuma inshorar ajiyar banki ta kai naira miliyan 5.

Abin da wannan tarihi ke koya mana shi ne kowace ma'ajiya da irin ɓarawonta. Shanu suna tsoron annoba, tsabar kuɗi hauhawar farashi ke cin ta, hannun jari yana hawa yana sauka. Shi ya sa raba dukiya gida-gida, da tambayar wace hukuma ce ke sa ido a kan wurin, ya fi zuba ta wuri guda.

Saboda haka idan za mu rubuta dattijon nan, mu fara tambayar kanmu: a wace shekara ya bar aiki? Wanda ya sauka a 1982 da wanda ya sauka a 2009 ba asara iri ɗaya suka yi ba, kuma mai karatun da mahaifinsa ya sha layin tantance 'yan fansho zai gane idan muka yi kuskure. Mu zauna da tsofaffin ma'aikatan unguwarmu, mu ji inda suka sa nasu kuɗin, da abin da ya rage.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.